Hatimin da Ya Fi Mai Shi Lafiya

Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da kwamfuta, gani kuke yin hatimi wasan yara ne. Mutum ya zo, ku ɗauki hoton sa hannunsa da waya, ku tura wa inji, kafin ya gama amsa gaisuwa kun miƙa masa abinsa. Rannan ma ɗaya daga cikinku ya tarar da ni ina wasa reza, ya ce, “Baba, har yanzu kana wannan wahalar?” Ban ji haushi ba. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Ni Ado na haura shekara arba'in a wannan sana'a, mafi yawansu a bakin Titin Ibrahim Taiwo, da tebur ɗaya da laima ɗaya, kuma ba yankan robar ne ya fi ba ni wuya ba.

A Sabon Gari na koya, wurin wani Inyamuri mai suna Oga Emeka, mutum mai ƙarancin magana da yawan hararar aiki. Shekarata ta farko ko roba bai bari na taɓa ba. Aikina in karya reza a karkace ta yi tsini, in ɗaure ta a tsinke da zare, in goga ta a dutse, sannan in zauna ina rubuta harufa a juye ina duba su a madubi. Kayan aikin ke nan gaba ɗaya: reza, allura, madubi, gam, guntun katako na mariƙi, da kushin tawada. Robar kuwa sai ka latsa ta da farce ka ji. In ta yi tauri za ta tsage a lanƙwasar harafi, in ta yi laushi za ta baje kamar tuwon da ya sha ruwa. Hatimina na farko na wata makarantar koyon ɗinki ne, na yi kwana uku a kansa ina jin kaina. Oga ya buga shi sau ɗaya a takarda, ya jefa shi a kwata, ya miƙo mini sabuwar roba.

Shi ya koya mini cewa kowane mai sassaƙa yana barin alamarsa a ɓoye, wani ɗan tsagu da mai hatimin ma bai san da shi ba, don ran da aka kawo takarda ana gardama ka iya cewa wannan aikina ne, wannan kuwa jabu ne. Tawa a wutsiyar harafin ƙarshe nake barinta. Shi ne kuma ya kafa mini dokar hatimin sa hannu. Na ofis kowa zai iya aikowa a yi masa. Amma na sa hannu, sai mai shi ya zo da ƙafarsa, ya sa hannu a gabanka, in ka gama ka danƙa masa a tafinsa, shi zai yi bugun farko. Na taɓa tambayarsa dalilin wannan tsanani. Ya ce, “Ado, hannu na uku kake yi wa mutum. Biyun da Allah ya ba shi suna gajiya, suna ciwo. Wannan ba ya gajiya, kuma bai san mai shi ba. Duk wanda ya ɗauke shi, shi zai yi wa aiki.”

Aikin da nake so in ba ku labari na wani shugaban ƙungiya ne, Alhaji Rasaki. Ƙungiyar ta masu motocin da ke jigilar dilolin yadi ce daga Fagge zuwa garuruwa, ba sai na faɗi sunanta ba. Iyayensa Yarabawa ne daga Offa, amma a Kwaciri aka yanke masa cibi, in yana zuba Hausa sai ka rantse Bakano ne na cikin ganuwa. Ƙato ne, mai dariya da dukan kafaɗa. Ya zo da kansa, ya zauna a bencina har sai da ya yi ƙara, ya ce katunan 'yan ƙungiya sun yi masa yawa, yatsunsa na neman yin yaji. Ya sa hannu sau uku a gabana. Sa hannun nan ya ba ni aiki: babban harafi a gaba, sai wasu 'yan tsalle-tsalle, sai wutsiya mai dawowa ta ƙarƙashi ta naɗe sunan duka. Kwana biyu na yi a kan wutsiyar kaɗai.

Ran da ya zo karɓa ya taho da kundin tsarin mulkin ƙungiyar, ɗan littafi mai koren bango, don in duba tambarin da ke kai in yi musu na zagaye. Ni kuwa ba na ganin rubutu in ƙyale. Na buɗe na faɗa kan babin gadon kujera. Wani lauya ne ya tsara musu, ya kwaikwayo na ƙasa. Ya ce mataimaki zai hau idan shugaba ya rasu, ko ya rubuta takardar murabus da sa hannunsa, ko kuwa in kashi biyu cikin uku na 'yan majalisarsa sun zauna sun ce ya gaza, likita ya tabbatar. Na ce, “Alhaji, su wa suka naɗa 'yan majalisar?” Ya ce shi. Na ce, “Wa ke kiran zaman?” Ya ce sakatare, wato ƙaninsa Lasisi, uwa ɗaya uba ɗaya. Na ce, “To ai an ba kura ajiyar nama. Wa zai tashi ya ce wanda ya naɗa shi ya gaza?” Ya yi dariya har da tafi, ya ce, “Malam Ado, kai dai yi mana hatimi. Na ƙasa ma haka yake, kuma ga ta nan tana tafiya.” Ya buga bugun farko a bayan kwalin sigari, ya yaba, ya tafi.

Bayan shekara huɗu muka shiga mugunyar shekara. Ita ce shekarar da injinan nan naku suka cika Sabon Gari. Sai in wuni ban yanka harafi ɗaya ba, ƙura ta rufe madubi, mutane su wuce ta gabana da sabon hatimi a leda suna kau da kai. A cikin wannan zaman kashe wando ne wani direba ya tsaya a teburina da takarda, ya ce in karanta masa don Turanci ne. Takardar dakatarwa ce, an hana shi lodi wata uku bisa umarnin shugaba. A ƙasa ga sa hannun Alhaji Rasaki, wutsiya ta naɗe suna, ga ɗan tsaguna a inda na bar shi. Na ce masa ai sai ya je ya ba Alhaji haƙuri, mutum ne mai sauƙi.

Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce, “Baba, ba ka da labari? Alhaji ya fi shekara bai ce ko a'a ba. Hawan jini ya kayar da shi a tasha, jiki ya shanye, baki ya tafi. Amma kullum umarninsa na fitowa.”

Na sake duban takardar. Tawadar ko gama bushewa ba ta yi ba.

Daga nan na fara lura. Katin ɗan ƙungiya sabo, da hannun Alhaji. Takardar ta'aziyya da aka manna a bangon masallaci, da hannun Alhaji. Gayyatar taro, da hannun Alhaji. Mutum na kwance ba ya iya korar ƙuda daga fuskarsa, amma hannun da na yanka masa yana yawo a Fagge, yana kora, yana naɗawa, yana yi wa mutane gaisuwar mutuwa. Na kuma ga robar ta fara cinyewa, don wutsiyar ta soma yin kauri. Na san za a zo.

Lasisi ne ya zo, siriri, mai tsabtar tufa, mai sanyin murya. Ya ajiye tsohon hatimin a teburina ya ce a yi sabo irinsa sak, ya je wurin masu inji sun yi, amma 'yan ƙungiya sun ce wannan ba hannun Alhaji ba ne, ya cika santsi. Na ce, “Ranka ya daɗe, dokar aikina sai mai shi ya sa hannu a gabana.” Na zaci zai yi fushi. Sai ya yi murmushi ya ce, “Ai ba komai. Alhaji na nan lafiya, jiki ne kawai ya yi nauyi. Mu je ka gan shi.”

Da hantsi muka shiga Kwaciri a adaidaita. Gidan bene ne mai hawa ɗaya, ɗakin Alhaji na ƙasa, tagarsa na kallon titi. Tun daga waje na hango shi. An sa masa farar babbar riga mai aiki, an kafa masa hula, an zaunar da shi a kujera daidai taga, an tokare shi da matasan kai ta kowane gefe. Direbobi in sun wuce sai su rage gudu su ɗaga hannu su ce, “Ranka ya daɗe, Shugaba!” Kullum haka ake yi, daga hantsi zuwa azahar, don kada wani ya ce ba a ganin shugaba.

A ciki ƙamshin turaren wuta ya yi yawa, irin yawan da ke nuna akwai abin da ake rufewa. Ƙaton nan ya zube, rigar ce kawai ke riƙe da faɗinsa. Gefen bakinsa ya karkace, idon dama na zubar da ruwa ba tsayawa. Amma idanun a buɗe suke, kuma da na shigo sun biyo ni. Na durƙusa na gaishe shi. Shiru. Sai Lasisi ya sunkuya ya kai kunnensa bakin yayansa, ya ɗan jima yana gyaɗa kai, ya ɗago ya ce, “Ya ce yana amsawa. Ya ce yaya iyali.”

Ina durƙushe dab da shi. Leɓensa bai motsa ba.

Lasisi ya kawo faranti da takarda, ya cusa biro a hannun dama, ya riƙe hannun da nasa ya ja. Abin da ya fito kamar tafiyar kyankyaso a tawada. Ya ce, “To ka gani, ya sa a gabanka.” Na ce zan yi shawara. Da zan fita na lura da wata mace a bakin ƙofar ciki, dattijuwa, da kwanon koko a hannu. Idanun Alhaji kuwa suna kaina har na fice.

Washegari ta zo teburina ita kaɗai. Ta ce ita ce Alhaja Sikira, matarsa, shekara talatin da takwas suna tare. Ba ta yi kuka ba, ta zauna a benci ta yi magana kamar mai ba da saƙo.

Ta ce, “Malam Ado, mijina ba shugaba ba ne yanzu, majinyaci ne. Zaman kujerar nan ya ɓare masa baya, in na cire rigar sai na runtse ido. Tun yana da lafiya yake cewa in ya gaji a kai shi Offa, gidan ubansa, inda 'yarmu take aikin jinya. Na roƙi Lasisi ya fi sau goma. Ya ce in Alhaji ya bar Kano kujera ta tafi hannun mataimaki, su biyun kuma ba sa ga maciji da juna. Ƙanin miji ne, ba ni da ikon fitar da Alhaji daga gidan sai da yardarsa. Na je wurin 'yan majalisa, kowa ya ce sai an kira zama. Mai kiran zaman kuwa ka san shi.”

Na ce, “Alhaja, to ni mai yankan roba me zan iya?”

Ta kwance bakin zaninta ta fito da takarda a ninke. Takardar murabus ce, an buga ta da kyau, saura sa hannu. Ta ce, “Littafinsu ya bar ƙofa uku. Ɗaya Lasisi ya kulle. Ɗaya mutuwa ce, kuma ita mijina yake jira. Ta ukun tana hannunka. Ka yi hatimin da ya ce ka yi. Amma ai an ce dokarku mai shi ke yin bugun farko.”

Gaba kura, baya sayaki. In na ƙi, Lasisi zai ci gaba da lallaɓa tsohon hatimin, ko ya sami wanda zai yi, mutumin nan kuma ya ruɓe a bakin taga. In na yarda, na yi abin da nake zargin Lasisi da shi, na sa wa bebe magana a baki. Na tambaye ta ko Alhaji ya yarda. Ta ce, “Na san mijina.” Na ce a raina, Lasisi ma haka yake cewa ya san yayansa.

Na yanka hatimin. Karo na farko ke nan da na ɗauki sa hannu daga tsohuwar takarda ba daga hannun mai shi ba, kuma na ji kunyar Oga Emeka duk da ya daɗe a ƙasa. Kwana uku na yi. Reza ba ta taɓa yi mini biyayya irin ta wannan aiki ba, wutsiyar ta fito a yanka ɗaya, kamar wani ne ke jan hannuna. Hakan bai faranta mini ba, tsoro ya ba ni.

Na aika wa Lasisi cewa ran Laraba da la'asar zan kawo. Na tafi ran Laraba da safe, lokacin yana tasha. Alhaja ta riga ta kira dattawa biyu daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, suna zaune a tabarma sun sunkuyar da kai. An riga an zaunar da Alhaji a taga. Ta ja labule, ta tsaya a gabansa ta karanta takardar da Turanci, ta fassara da Hausa, ta sake faɗa masa da Yarabanci a hankali, kamar mai lallashin yaro.

Na matsa na ce, “Alhaji, ni ne Ado mai hatimi. Ka ji abin da aka karanta. In ka yarda, ka rufe ido sau biyu.”

Ya ƙifta. Ya sake ƙiftawa. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, “Alhamdu lillahi.” Sai ya ƙifta na uku, da na huɗu, yadda kowane mai rai ke ƙiftawa. Na ce to in bai yarda ba ya dubi taga. Idanun ba su bar fuskata ba. Ruwa na gangarowa daga na dama, amma wannan kullum yana gangarowa. Na yi tambayar ta kowace hanya da na sani, ban sami abin da zan rantse a kansa ba.

Alhaja ta ce hannun hagu yana da ɗan sauran rai. Na buɗe tafin, yana da sanyi da nauyi, na ɗora hatimin a ciki. Sai yatsun suka rufe a kansa. A hankali suka rufe, ɗaya bayan ɗaya, har na ji ƙarfinsu a kan nawa yatsun. Dattawan suka ce, “Ya karɓa, ya karɓa.” Na ɗaga hannun na kai shi kan kushin tawada, na kai shi kan takarda. Na dakata ko zan ji ya danna.

Ni na danna. Wannan ban taɓa ɓoye wa kowa ba.

Sa hannun ya fito tsaf, ya fi na ranar farko kyau. Dattawan suka sa nasu a matsayin shaidu, suka ɗauki takardar suka nufi wurin mataimaki. Ni kuma na juya in karɓi hatimin in goge shi. Yatsun suka ƙi buɗewa. Na ja a hankali, Alhaja ta gwada, ta yi masa magana a kunne. Ya juya hannun, robar ta koma cikin tafinsa, ya damƙe. Mutumin da ba ya iya riƙe cokali, mu biyu muka kasa ɓamɓare shi. Alhaja ta ce a bar masa.

Lasisi ya zo da azahar ya yi ta faɗa, ya ce jabu ne, zai kai ƙara. Dattawa suka ce masa in hatimi jabu ne, to duk takardun da suka fito a shekara guda da rabi jabu ne, sai a zauna a duba su ɗaya bayan ɗaya. Ya janye maganar ƙara. Mataimaki ya hau kujera ran Asabar. Ran Litinin aka shimfiɗa katifa a bayan wata doguwar mota, aka kwantar da Alhaji, ba babbar riga, ba hula, daga shi sai 'yar shara. Na je sallama. Hannun hagun na kan ƙirjinsa a dunƙule. Da na leƙa ta taga idanun suka same ni, suka tsaya a kaina har motar ta tashi. Ban iya karanta su ba. Ko godiya ce, ko kuwa Allah ya isa ce.

Wata bakwai ya yi a Offa. Bayan ta fita takaba Alhaja ta dawo Kano kwashe kayanta, ta biyo ta teburina. Ta ce bayansa ya warke, ana fitar da shi inuwar bishiya a ƙofar gidan ubansa, jikoki na wasa a gabansa, kuma a nan ya cika da rana tsaka ba wahala. Na ji daɗi ƙwarai, na yi masa addu'a. Sannan na yi tambayar da ta hana ni sukuni tun ranar.

Na ce, “Alhaja, ya saki hatimin?”

Ta ce bai saki ba. In an ɓamɓare don a goge masa hannu sai numfashinsa ya rikice, sai an mayar ya lafa. Masu wanka ne suka cire shi. Ta ce da suka buɗe tafin, sunansa na nan kwance a cikin naman, harafi da wutsiya, ya shige kamar an yi masa tsaga, kuma ruwa bai fitar da shi ba. Da sunan a tafinsa aka binne shi.

Na ce, “To a ganinki riƙewar nan me take nufi? Ya ɓoye shi ne don kada a sake yin ƙarya da sunansa, ko kuwa kujerar ce bai yarda ya saki ba, muka ƙwace?”

Ta dubi robobin da ke teburina. Sannan ta gyara mayafinta ta miƙe.

Ta ce, “Malam Ado, ran nan na ce maka na san mijina. Wata bakwai ina yi masa wannan tambayar, kullum.”